Ranar Da Na Tuɓe Riga a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan manta sunan unguwarmu, da ranar da ƙwallon Norway ta sa na tuɓe riga a gaban surukata.

Lokacin ina neman auren Rabi a nan unguwar Sabo, ƙaninta Nasiru kuma ya samu kulob a babbar gasar Norway. Mahaifiyarsu, Hajiya Laure, mai sayar da dambun nama a cikin gida, ba ta cika sakar mini fuska ba. A ganinta mai sayar da albasa irina a kasuwar Bodija da ya san 'yan wasa fiye da lokacin buɗe rumfa ba mijin aure ba ne. Sai na ce to, wannan ƙwallon da take raina ni a kai, da ita zan shiga zuciyarta.

Na naɗa kaina masanin Norway, har abokai suka laƙaba mini suna Koci. A majalisa ina bayani cewa su can ba sa bin tsarin Ingila, da bazara suke farawa su ƙare kafin sanyi ya kashe mutum. (Gaskiyar magana, ban taɓa kallon wasansu ko ɗaya ba. Sakamako kawai nake dubawa a waya, sai hoton Nasiru guda ɗaya sanye da jar riga.)

Ana haka wasan ƙarshe ya zo, kuma idan aka ci su Nasiru, kulob ɗinsu zai faɗa ƙaramar gasa. Na aro talabijin, na sayi data, na je unguwar Mokola na samo jajayen riguna na raba wa samarin gidan. Bayan la'asar muka kafa komai a tsakar gidan Hajiya, maza a gaba, mata a baya kan tabarma. Har ita ta fito da carbinta.

Hoton ba ya fita sosai, ga ƙanƙara tana zuba, mai sharhi kuma kamar yana kurkure baki. Sunayen kulob ɗin a saman allo haruffa uku-uku ne, ban gane ko ɗaya ba. Amma ga masu ja, ga masu fari, kuma cikin masu ja akwai baƙin yaro ɗaya da safar hannu.

"Ga Nasiru can!" na ce.

Hajiya ta ƙura ido. "Anya? Auta ba ya gudu haka."

"Inna, sanyi ne. Sanyin can yana canja wa mutum tafiya."

Ta koma jan carbinta. Ni kuwa na ci gaba da zuba sharhi, ina tsine wa masu fari, musamman wani mai tsaron baya da ke ta tare mana hanya. Har cewa na yi, "Wannan ko uwarsa ba za ta so ganinsa a fili ba."

Bayan hutun rabin lokaci yaron nan mai ja ya ɗaga raga. Jama'a, ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge rigata na wurga sama, na zame da gwiwa a kan siminti, tumbi a waje, sai ga ni daidai gaban tabarmar Hajiya ina ihu, "Inna, ɗanki ya ci! Ɗanki ya ci!"

A daidai nan kyamara ta matso kan mai tsaron bayan nan na masu fari, ya dafe kai da hannu biyu. Fuska ta cika allo, har tabon goshinsa na faɗuwa daga okada.

"Ga Auta," in ji Hajiya a hankali. "Tun ɗazu nake ganinsa. Ni ce uwar da ka ce."

Ashe in su Nasiru suka je wasa gidan wasu, fari suke sawa. Abokina Tajudeen ya rufe baki yana cewa, "Haba Oga Koci, wannan wahala ce fa, abi?" Rabi ta shige ɗaki da gudu. Rigata kuma ta maƙale a kan kwanon rufi, sai Hajiya ta cire mayafin kafaɗarta ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Saura kaɗan a tashi su Nasiru suka rama, kulob ya tsira. Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka yi ta tsalle da jajayen rigunan da na saya musu. Ni kaɗai na zauna lulluɓe da mayafin surukata, ko tafi na kasa.

Auren dai an yi. Rabi ta ce dariyar da Hajiya ta yi ta yi kwana uku ita ta cece ni, don ta ce mai irin wannan wauta ba zai iya mugunta ba. Har yau in na shiga gaisuwa sai ta ce, "A ba Koci kujera, a kuma riƙe masa riga."

Tun daga nan na koyi cewa in uwa ta ce wannan ba ɗanta ba ne, to ka bar rigarka a jikinka.