Lemun da Ramatu Take Soka wa Allura

Ba zan taɓa mantawa da hutun da jikata Ramatu ta yi a Filinge ba, tana shekara ta biyu a makarantar aikin jinya a Yamai. Ta sauko daga mota duk ta rame. Tuwo sai ta taɓa ta bari, ka yi mata magana ta zabura. Ni kuwa ban yi boko ba, amma ba a ɓoye mini abu a gidana (haka dai nake faɗa wa mutane).

Na sa mata ido. Ranar kasuwa da hantsi, kowa ya fita, na hango ta bayan rumbu a tsugune. Lemu ne a hannunta, tana soka masa allura, tana ƙus-ƙus da Faransanci, tana ambaton wata Madam. Hannunta sai rawa yake. Sammu, a gidana!

Ban tambaye ta komai ba. Na fizge lemun na ƙulle a bakin zane, na aika a kira ubanta da Liman. Maƙwabta suka biyo su, don ban yi maganar a hankali ba.

Ubanta ya ce, "Inna, in haka ne, ta gama karatu. Ba ta komawa Yamai."

Na kwance zane, na ajiye lemun kan tabarma. Kowa ya ja baya.

Ramatu ta fashe da kuka. "Kaka, allura nika koyo! Madam malamarmu ce. Ta ce in hannuna ya sake rawa ranar jarrabawa, sai na maimaita shekara. Kwana nika tsaye a gidan likita, in fito in yi karatu. Mi kike so in soka, ɗan mutum?"

Liman ya ɗauki lemun, ya juya shi, ya ce, "Hajiya, majinyacin dai ya sha wuya." Dariya ta ɓarke. Na ji kamar in shige rumbun in rufe.

Sauran hutun, ni ta riƙa ɗaure wa hannu tana neman jijiya, ni ko ina miƙa mata. Ta koma Yamai, ta ci jarrabawarta.

Har gobe idona yana gani da kyau. Bakina ne na koya wa ya fara tambaya kafin ya tara jama'a.