Yadda Za Ka Ci Kuɗin Mai Zuga Ɗalibai, Ka Kuma Fito da Takardarka

Kai ja'irin jikana, uwarka ta ce an naɗa ka kakakin masu bore kan ƙarin kuɗin makaranta, kana shekarar ƙarshe. Madalla. Ni ban taɓa zaman aji ba, amma tun kaina yana baƙi nake ɗinka ƙyallayen zanga-zanga a shagona na bakin ƙofar jami'ar nan, hayaƙi mai sa hawaye ya san ni, na san shi. Ka bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari za ka ƙoshi, ka yi suna, ka gama lafiya.

1. Shafa ƙyallen kafin ka karanta shi

In da guminsu ne, ɗalibai tsohon zanin gado suke kawo min, wani ma sai na toshe hanci. Ranar da ka ga sabon yadi mai kauri, bandir guda, to akwai babba a bayan labule. A boren farko da na gani, ɗan kwangilar da aka ƙwace wa aikin ɗakin cin abinci ne ya aiko, direbansa ya ce wai sadaka ce. Sadakar har da kalmomin da za a rubuta a jikinta.

2. Karɓi, kar ka tambaya

Tsuntsu daga sama gasasshe ba a tambayar wa ya fige shi. 'Yan boren farko burodi da motar haya aka ba su. Zamanin ubanka riguna masu tambari. Ku kuma waya da data, daga ƙungiyar da ba wanda ya taɓa ganin ƙofar ofishinta. Ka ci abinka. Kukanku gaskiya ne, shi dai mai bayarwar nasa kukan daban.

3. Kar ka riƙe abin da ke ƙara murya

Ubanka ne malaminka a nan. Wani mai farar mota, mai neman kujera, ya kira shi shugaban gobe, ya damƙa masa lasifika. Na ce wa uban naka ya riƙe sandar ƙyalle ta baya yadi ya rufe masa fuska, har faɗi na ƙara wa ƙyallen saboda shi.

Ya ce, "Baba, kai ɗinki ka sani, ba tarihi ba."

Washegari ga shi a jarida, baki buɗe kamar mai jiran likitan haƙori. Aka kore shi. Ya je gidan mai farar mota, maigadi ya ce Yallaɓai yana hutawa. Har yau bai gama hutawar ba, sai dai yanzu a majalisar gudanarwar jami'ar yake yin ta, kuma da hannunsa a ƙarin da kuke yi wa ihu. Uban naka kuwa yana gefena yana kafa maɓalli. Ya ƙware, ba laifi.

4. Tanadi abin yi kafin jiniya

Ban taɓa kwana a caji ofis ba. Akwai wandon ɗan sanda da na ajiye ƙarƙashin tebur, da na ji jiniya sai in ɗora shi a keke in duƙufa. Wa zai kama mai yi wa hukuma faci? Kai ma ka riƙe babban littafi, ko ba ka san abin da ke ciki ba.

5. Ranar fita, muryarka ta dushe

Ka yi tari, ka nuna maƙogwaro, ka miƙa lasifikar ga yaron da ubansa zai iya tura shi karatu waje in an kore shi. Shi ma a bar shi ya yi tarihi.

Gargaɗi: in ka bi maganata abokanka suka kira ka matsoraci, ba ruwana, ni tela ne. In ka ƙi bi, nan ma ba ruwana, kar uwarka ta zo min da kuka. Ka dai sani keke biyu ne a shagon nan, kuma na auna, babu inda na uku zai shiga.