Nomau da Famfon Bajamushe

A Tungar Gayya akwai wani magidanci, Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa, haka yake ɗaukarsa. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Tasalla. Yayansa Sallau ne ke kula da famfon sola da wani Bajamushe ya kafa wa garin, sai Allah ya yi wa Sallau rasuwa da damina. Littafin famfon da Jamusanci yake, kowa ya noƙe. Nomau ya ce, "Amanar Yaya ce." Ya ɗauki wayar marigayin, ya nufi wajen Malam Isiyaku, tsohon makaniken da ya yi shekara bakwai a Jamus, don ya koya masa Jamusanci.

Wata rana Malam ya ce, "Ka ga injin, der Motor, namiji ne. Famfo, die Pumpe, mace. Waya kuwa, das Handy, ba namiji ba mace." Nomau ya koma gida ya rasa inda zai ajiye ta, zaure ko cikin gida. Sai ya aza ta a kan dokin ƙofa. Inna ta fito da ƙwaryar fura, ta yi tuntuɓe da ita.

"Nomau, me ya kawo wayar ɗan'uwanka nan?"

"Inna, ba ta da ɓangare."

Tsohuwar ta share wayar da gefen zani.

Wata rana kuma Malam ya koya masa speichern. "Adanawa ke nan. Asalinta Speicher, rumbu. Je ka yi wa darasin yau haka." Nomau ya hau rumbu, ya binne wayar cikin gero. Kwana uku Bajamushen na kira daga ƙasarsu, kaji ne kawai ke jin ƙarar.

Wata rana, tsakiyar bazara, famfon ya tsaya. Malam na shirin tafiya asibiti a birni, ya ja kunnen Nomau: "Su mutanen nan, kalmar aikin a ƙarshen zance take zuwa. Kada ka taɓa komai sai ka ji ta." Da azahar saƙon murya ya shigo daga Bajamushen, rabi: "Den roten Schalter müsst ihr..." Sai sabis ya ɗauke.

"Me ya ce?" in ji mai gari.

"Ranka ya daɗe, ya ce jan makunni, dole ku..."

"Mu danna mana! Me ake yi da makunni?"

"Bai ƙarasa ba."

Nomau ya zauna ya jingina bayansa da akwatin makunnan famfon, don kada kowa ya taɓa. Mata suka koma tafki mai nisa, awaki na kuka, aka zage shi, wani ya jefe shi da hoge har goshinsa ya fashe. Inna ta kawo masa ruwa a moɗa, ta ce, "Ɗan nan, ka tashi." Ya ce, "Inna, mutum yana magana."

Rana ta uku Malam ya dawo, sabis ma ya dawo. Aka saurari ragowar: "...austauschen. Nicht drücken!"

Malam ya cire hula ya goge zufa. "Cewa ya yi a sauya shi. Da an danna, da injin ya ƙone, sai dai mu ƙaura."

Mai gari ya sunkuyar da kai. Nomau ya miƙe da ƙyar, ƙafafunsa sun sage, ya ce, "To, yanzu ya gama. A ba ni sukundireba."