Rabin Kofin Shugaba

A layinmu na Tabotaki ni kaɗai na yi kwalej shekara biyu cur, shi ya sa aka ɗora ni shugaban iyayen yara. Rannan ɗiyata Hadiza ta dawo da rabin maki. An tambaye su lambar da in ta ninka kanta za ta ba da arba'in da tara, ta rubuta bakwai.

Na ce wallahi zalunci ne. Na zura babbar riga, na ja maƙwabcina Alhaji Idi shaida, sai lakwal, makarantar su Hadiza.

"Mushe, bakwai sau bakwai nawa ne?" na tambayi malamin a gaban aji, da laƙabin Faransanci da ake kiran malaman lakwal.

"Arba'in da tara, Baba. Amma amsa biyu ce. Akwai bakwai ta ƙasa da sifili, ita ma in ta ninka kanta kan arba'in da tara take faɗowa."

"Ƙasa da sifili? Rijiya ce?"

Ajin ya fashe da dariya. Hadiza ta shige ƙarƙashin tebur, ta bar ni da babbar rigata.

Har yau in na zauna a fadarmu ta hira, rabin kofi Alhaji Idi yake zuba mini shayi.

"Sha, shugaba. Sauran yana ƙasa da sifili."