Rasuwar Uwar Zance, Wayar Maame Konadu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin latsawa, Maame Afia Konadu, mai sayar da dokunu (tuwon masarar da ake dafawa a ƙunshe cikin ganye) da soyayyen kifi a bakin tashar Bantama, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarta, wadda duk unguwa ta sani da Uwar Zance. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara bakwai a duniya.

Da marigayiya aka kafa zauren hira na waya na matan Bantama, mai mutum ɗari biyu da sha ɗaya, inda ba a rufe magana sai an ji ta bakin Maame: tsadar tumatir, tsawon wa'azin fasto, 'yan matan da ke tiƙar rawa gaban kyamara, da data mai ƙarewa kamar an zuba ruwa a rairayi. Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa cewa saƙon murya na minti tara ya yi tsawo ba. Kukanta ɗaya ne, "ƙilin!", kuma da jin sa Maame kan bar mai saye da hannu a miƙe.

Alherinta ba ya ɓuya. Shekarar da lambatun bakin tasha ya toshe, ruwa ya cinye rumfuna, ita ta ɗauki hotuna ta yi ta yaɗawa, har waɗanda gyaran ya rataya a wuyansu suka ji kunya suka zo da shebur. Sai dai ɗan Adam tara yake, waya ma haka. Ita ce ta taɓa shelar mutuwar Wofa Boakye, tsohon direban tasha, ba tare da an bincika ba. Mata na tsaka da aiko hotunan hawaye sai ga muryarsa a zaure ta wayar matarsa: "Afia, gawar ce ke magana. Fufu nake ci. In an yanka akuyar makoki a aiko mini da cinya."

Ta daɗe tana jinya. Batir ya kumbura, fuska ta tsage, ba ta shan caji sai an ɗaure mata wuya da roba. Duk da haka a bakin aiki ajali ya same ta. Sista Dufie mai kitso ce ta rubuta a zaure wai dokunun Maame na bana ya ƙanƙance. Maame ta danna ɗaukar murya tana tsaye kan wuta, ta ce, "Dufie ƙanwata, bari in gaya miki..." Nan marigayiya ta suɓuce ta faɗa tukunyar dokunu. An tsamo ta da ludayi, aka kwantar da ita cikin ɗanyar shinkafa kwana biyu. Mai gyara a Adum ya buɗe ta, ya sunsuna, ya ce, "Maame, wannan ai ta nuna. Barkono kawai ya rage."

Kwana uku Maame ba ta san abin da ake faɗa a kanta a zaure ba, ko kifi ba ta iya juyawa da natsuwa. A na huɗu Dufie ta tako da ƙafarta yin ta'aziyya. Ta sayi dokunu biyu, ta jinjina a tafin hannu, ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Amma fa ya ƙanƙance." Suka yi ta, ido da ido. Rigimar da a zaure sai ta ci mako an raba gari biyu, a minti biyar ta mutu, suka ɓige da dariya, Maame ta ƙara mata kan kifi.

Marigayiya ta bar caja mai karyayyen wuya, abin kunne mai ji da gefe guda, da hotunan "barka da safiya" dubu huɗu. Ta kuma bar maigida, Opanyin Kwarteng, wanda ya shaida cewa jiya matarsa Maame ta tambaye shi yadda ya kwana, har ta tsaya ta ji amsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, ƙarƙashin mangwaron bayan rumfa. Tufafi ja da baƙi. Akwai dokunu da shito, soyayyen yajin da ake ci da shi, ga duk wanda ya zo, kuma za a karɓi wayoyi a bakin ƙofa a tara su cikin daro, nesa da tukunya. Iyalin suna roƙon kada kowa ya kawo gudummawar sabuwar waya sai bayan an yi arba'in. Opanyin ne ya rubuta wannan roƙo. Maame ba ta sa hannu ba.