Ranar da Talatu ta Jiƙa Mutumin Kumasi

Mainasara ɗan Arzika, jikan Ɗangana masunci ta wajen mahaifiyarsa Mariya, a Kumasi aka haife shi, kuma sai da furfura ta fito masa sannan ya taka ƙasar Yauri. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Wara. Ya zo neman tsibirin da mahaifiyarsa ta rasu tana ambato, ya tarar ruwan Kainji ya daɗe da shanye shi. Dangi sun karrama shi matuƙa, sai dai kowa "baƙo" yake ce masa, abin kuwa yana cin ransa.

A ƙauyen nan, da safiyar cika-ciki taubasai kan jiƙa juna a bakin tafki domin shiga sabuwar shekara. Baƙo ba a taɓa shi. Saboda haka aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya zauna cikin farar riga, shi kaɗai a bushe. Sai ga Talatu mai bandar kifi, ɗiyar kawunsa Mamman, da ƙwarya cike da ruwa.

"Lahiya lau muka kwana, tsohon banza. Wa ya aje ka nan kamar buhun gari?"

"Ke nake jira, baiwata. Tun daga Kumasi ƙaurin bandarki ya nuna mini hanya."

"Baiwar wa? Kai da jiya ka ga kwaɗo ka yi salati?"

"Kada ne."

"Kwaɗo ne, kuma shi ma tausayinka ya ji."

"Ke, a Kumasi kwalekwalena sun fi kajinki yawa."

"Bisa tudu? Mi suka kamawa, goro?"

"Ki dai yi nesa da rigar nan. Ta shiga biranen da ba ki iya faɗin sunansu."

Talatu ta ɗaga ƙwarya. Dattawa suka daka mata tsawa: "Talatu, baƙo ne!"

"Baƙo, da kunnuwan ga? Na Gwaggo Mariya ne, har da yadda takan murguɗa baki in za ta yi cika-baki. Ita ta goye ni a tsibirin can. Kai, wanga ruwa cikin ɗakin innarka ya kwana. Karɓi gaisuwatai!"

Ta juye masa tun daga hula. Mainasara ya shafa fuska. Sai ya miƙe, ya fizge bokitin wata mata, ya bi Talatu har cikin tafki, tana ihu wai bawa ya yi tawaye.

Da la'asar ya aika mata da turmin atamfar da ya zo da shi. Ta ce launin bai yi mata ba, ta kuma ɗaura shi nan take.

Na tambaye shi dalilin yi wa wadda ta ɓata masa riga kyauta.

Ya yi dariya ya ce, "Malam, tun da na sauka kowa sannu yake yi mini. Ita kaɗai ta zage ni."