Rasuwar 'Yar Baƙa, Kwamfutar Hannun Goggo Tafireta

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Goggo Tafireta, tsohuwar mai buga takardu a ofishin ruwa, mazauniyar ɗakin ƙarshe a saman bene, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokiyar zamanta, ƙaramar kwamfutar hannu wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Asali marigayiyar ba ta Goggo ba ce. Maigidan Goggo ne, malamin lissafi mai ritaya, ya shigo da ita gidan lokacin da idonsa ya fara gajiya da ƙananan haruffa. Goggo ta dube ta sheƙeƙe, ta ce abin da bai kai faranti ba wace tsiya zai tsinana. Malam kuwa ya ci gaba da abinsa. Ya yi ta sayen littattafai da tsofaffin waƙoƙi yana zuba mata a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar sai ya ja kujera bakin taga, ita kuma ta riƙa karanta masa da muryarta mai sanyi wadda ba ta hawa ba ta sauka. Tana kwafsawa a sunayen mutane, shi kuma yana yi mata gyara kamar ɗalibar da ya ƙi fid da rai da ita.

Da Malam ya rasu, yara suka raba abin rabawa. Littattafan takarda suka tafi gidan babban ɗa, agogon bango ya bi autan. 'Yar Baƙa babu wanda ya waiwaye ta, don gefenta ya riga ya tsage. Baƙi suka watse, yara suka koma garuruwan aikinsu, ɗaki ya rage daga Goggo sai ita.

Duk wanda ya san marigayiya zai yi mata shaidar kirki. Ba ta taɓa katse wa mutum karatu da talla ba. Ba ta taɓa tsare shi sai ya faɗi ko yana sonta ba. Inda ka bar abu jiya, nan za ka same shi yau. Tana da maɓallai na gaske guda uku a gindinta, waɗanda in ka danna sai su ce ƙyas. Goggo, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana dukan tafireta, ta yi imani cewa maɓallin da ba ya amsa wa yatsa maƙaryaci ne. Shi ya sa har yau ba su jitu da sabuwar wayar da 'yarta ta aiko mata ba. Wannan, in ji Goggo, kullum sai ta wayi gari ta ce ta sabunta kanta, ka nemi abin da ka sani ka rasa, kamar a shigo maka ɗaki kana barci a sauya wa gadonka wuri.

Marigayiya ba mai surutu ba ce. In ta farka takan ce tilin, sau ɗaya. In cajinta ya yi ƙasa takan yi wani ɗan nishi, ƙit-ƙit, kamar mai jin kunyar roƙo. Amma akwai sauti ɗaya da ta adana wanda ba nata ba. Wata rana Malam ya danna ɗaukar murya bai sani ba. Ana jin ƙarar kujera, da tarinsa, sannan ya ce, "Wai ina kika kai min tabarau ne?" Daga can kicin muryar Goggo ta amsa, "Yana kan goshinka, Malam!" Sai dariyarsa, wadda ta yanke a tsakiya. Goggo ba ta taɓa gaya wa yara da wannan ba. Takan kunna shi in ta zauna cin abinci, don kada cokalinta ya zama shi kaɗai ke ƙara a ɗakin.

Ciwon ajali ya faro daga batir. Da fari tana wuni da caji ɗaya, daga baya ta koma ba ta rabuwa da bango. Sai bakin cajin ya saki, har sai an tokare igiyar da matashi kafin ta karɓa. A watannin ƙarshe cikinta ya kumbura, gilashin fuskarta ya fara ɗagowa. Ranar Talatar da aka ambata Goggo ta danna maɓalli, ƙyas ɗin ya zo, tilin bai biyo baya ba.

Ta naɗe ta a ɗankwali ta kai wa mai gyara, wani magidanci mai rumfa a ƙarƙashin matakalar kasuwar wayoyi. Ya ɗumama bayanta, ya ɓamɓare a hankali, ya daɗe yana leƙe.

"Goggo, batirin manne yake da gam, kuma ya ƙona abin da ke ƙarƙashinsa," ya ce. "Irin waɗannan ba a yi su don a gyara ba. An yi su don a sayi wata."

"To ciro min abin da ke cikinta, ɗan nan. Jikin na yafe."

"Ma'ajiyar a liƙe take da allon cikin da ya ƙone, kuma a kulle. In allon ya mutu, tare suke tafiya."

"Har muryar?"

Mai gyara bai tambaye ta wace murya ba. Ya ajiye sukudireba, ya jawo mata benci ta zauna.

Littattafan ma ba su tsira ba. 'Yar Goggo ta buga wa kamfanin da ya sayar da su waya, aka shaida mata cikin ladabi cewa Malam bai sayi littafi ko ɗaya ba, izinin karantawa ya saya, shi kaɗai, kuma izini ba ya shiga gado. Da ta kira uwarta ta faɗa mata, Goggo ta ce, "Ashe duk shekarun nan haya muke zaune a cikinsu." Goggo ba ta ƙin marubuci ya ci guminsa. Ita da ta yi rayuwa tana buga maganar wasu, ko waƙafi ba ta taɓa ɗauke wa kowa ba. Abin da ta kasa ganewa shi ne yadda rigar mutum za ta wuce ga iyalinsa, amma abin da ya karanta a ce ya bi shi.

Akwai wani dogon littafi da Malam ya bari a tsakiya. Goggo ta ɗora daga inda ya tsaya, tana sauraren shafi guda a rana don kada ya ƙare da wuri. Wuraren da ya ja wa layi duk suna nan, in ta iso su takan sa a maimaita mata. 'Yarta ta ce za ta saya mata wani sabo a waya, a gama a huta. Goggo ta ce a bari tukuna.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da rigar fata da Goggo ta ɗinka mata daga tsohuwar jakar makaranta, da abin saurare mai kunne ɗaya. Ta kuma bar sabuwar waya, wadda ko a jikinta. Sai Goggo.

An raba gawar da batirinta a wurin mai gyara, saboda ya ce yana iya kamawa da wuta. Sauran jikin za a naɗe shi a farin hankici ranar Asabar da safe, a sa shi a aljihun tebur na ƙasa, wanda yake da makulli. Babu jawabi, kuma ba a buƙatar gudummawar wata kwamfuta.

Za a zauna karɓar gaisuwa daga nan har yamma. Masu zuwa su yi hattara da matakala ta ƙarshe, ta ɗan karye. Iyali suna roƙon kada a turo ta'aziyya a rubuce. Wanda ya samu hali ya tako da ƙafarsa, ko da ba zai ce komai ba. Maƙwabciya ta ba da aron kujeru huɗu. Goggo ta mayar da uku, ta ce in an cika sai a sake karɓowa.